Turbo a Motar Ƙwai

Shekara ashirin da biyu Lallaɓa ya yi yana kai ƙwai, kuma a duk shekarun nan babu wanda zai rantse ya taɓa ganinsa ya wuce wata mota a titi, sai dai in a tsaye take. Mai keke ma yakan wuce shi idan yana sauri. Daga nan sunan ya samo asali. Tun yana shan mur idan an kira shi da shi har ya zo yana amsawa, har ta kai matarsa idan tana son ta ci masa fuska a gaban baƙi da sunan take kiransa. Sai a kwashe da dariya, shi ma ya taya su, don ba shi da yadda zai yi.

Da keke ya fara, kiret uku a ɗaure a baya. Daga nan ya koma babur, sai kuma wata ƙaramar mota mai ƙofa huɗu da ya saya a hannun wani malamin makaranta. Ranar da ya kawo ta gida yara suka yi ta tsalle, sun zaci za a riƙa kai su makaranta a mota. Kafin la'asar ya kwance kujerar baya ya jingine ta a tsakar gida, ya shimfiɗa tsohuwar katifar soso a gurbinta. Yaran suka yi kuka suka gaji. Kiret arba'in motar ke ɗauka idan aka haɗa da but, wato ma'ajiyar kaya ta baya, kuma shi kaɗai yake shirya kayansa, ba ya yarda ko ma'aikatan gona su sa masa hannu. Tsinin ƙwai a ƙasa, kwali a tsakanin kowane kiret biyar, tsumma a cushe duk inda ya ga gurbi, sannan igiya ta bi ta sama. Idan ya ɗauki ƙwai biyu ya gwara su a hankali kusa da kunnensa, ya san mai tsagu ko da ido bai gani ba. Abin da ya iya ke nan a duniya, kuma ya iya shi fiye da kowa.

Yana da masu shaguna da masu shayi da yake sauke wa kiret ɗaya, biyu, amma rabin kayansa gidan burodi ɗaya yake tafiya, kuma da wannan rabin gidansa yake ci. Mai gidan burodin mace ce, gajeriya, mai murya kamar ta namiji. Uwar-ɗaki yake kiranta. Tare suka fara, lokacin tana da tanda ɗaya a bayan gidan haya, shi kuma yana kan keke. Ita ta yi gaba: tanda uku, ma'aikata goma sha, kek da ake zuwa saye daga nesa. Shi yana nan inda ta san shi. Tana ce masa ɗan'uwa, yana jin daɗi har cikin ransa, bai taɓa lura cewa mai kawo mata fulawa ma haka take ce masa ba.

Abin da ya fara karya shi ba laifinsa ba ne. Gari ya cinye gonar kajin da yake ɗauko kaya, masu ita suka sayar da filin suka koma can bayan gari, ƙasan wani dogon hawa. Zuwa babu wahala, gangara ce, kuma mota babu kaya. Dawowar ce azaba. Da kiret arba'in a bayanta sai motar ta koma giya ɗaya tana nishi, manyan motoci sun jeru a baya suna danna masa hon, direbobi suna leƙo kai suna zagin iyayensa. A tsakiyar hawan lagireto ya tafasa, dole ya sauka gefe ya jira ta huce. Gonar ba ta buɗe ƙofa sai ƙarfe shida. Shi kuma sai takwas, wani lokaci da 'yan mintoci, yake isa gidan burodi, alhali ƙarfe bakwai ake fara kwaɓin kek.

Wata biyu Uwar-ɗaki tana yi masa mita. Ya ce zai riƙa ɗaukowa yau ya kawo mata gobe da sassafe, ta ce ita ba ta sayen ƙwan da ya kwana a gidan wani. Sai wata safiya ta tsare shi a bakin ƙofa, ma'aikata suna ji.

"Ɗan'uwa, ƙarfe bakwai na ce. Daga nan zuwa ƙarshen wata in ba ka gyara ba, akwai mai kawo min."

Bai tambaye ta ko waye ba, don ya sani. Ƙanin matarsa ne, wanda har ya kusa shekara arba'in ana ce masa Auta. Auta ya yi sana'a ta fi shida bai tsaya a ko ɗaya ba, kwanan nan kuma ya samo wata farar bas ya shiga harkar ƙwai. Wa ya nuna masa gonar? Wa ya gaya masa yadda ake ba da kaya da inda ake saukewa? Lallaɓa ya tambayi matarsa, ta ce to ɗan'uwanta ne, cikinsu ɗaya, ya tambaye ta sai ta ɓoye masa? Ko a jikinta. Shi kuwa Auta duk inda suka haɗu sai ya rusuna har ƙasa yana Yaya, Yaya, sannan ya ɗago ya tambaye shi ko yau ma kunkurun nasa ya iso lafiya. Wasa ne tsakanin mutum da ƙanin matarsa, wa zai yi fushi da wasa? Lallaɓa ya riƙa haɗiye abin yana murmushi.

Ya kai motar gareji wurin makaniken da ya saba gyara masa, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya har ya bi shi. Injiniya ya saurari injin, ya ce ya tsufa, sai dai a sauke a ɗora wani. Da ya faɗi kuɗin, Lallaɓa ya ce ba shi da su. Injiniya ya daɗe yana kallonsa, ya kalli motar, ya ciro waya ya latsa, sai ya ce akwai wata hanya mai sauƙi. Turbo. Ya yi masa bayani dalla-dalla: wata 'yar fanka ce da hayaƙin salansa yake juyawa, ita kuma ta cusa wa injin iska da ƙarfi, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Ya nuna masa hoton wata mota irin tasa tana tashi da gudu har taya tana hayaƙi. Wai turbo, a motar ƙwai. Da a ce wani ne ya zo wa Lallaɓa da wannan shawara game da motar wani, da shi zai fara dariya. Amma mutum ne da aka ba wa'adi, kuma a ranar duk wanda ya ce masa akwai hanya to ya gama da shi.

Injiniya ya lissafo abin da ake bukata bayan turbo ɗin: abin sanyaya iskar kafin ta shiga inji, famfon mai babba, nozul masu faɗi, sabon kuloci. Lallaɓa ya sayar da tsohon baburinsa, ya haɗa da abin da ya ajiye don gyaran rufin ɗakin yara, duka bai wuce kuɗin turbo na hannu da na mai walda ba. Ya zo ya faɗa, kunya ta ishe shi. Injiniya ya kaɗa hannu ya ce ai sauran kwalliya ce ta masu kuɗi, mota za ta tashi ba su. Har ya ce kuɗin aikinsa ma ya yafe. Wannan kaɗai ya isa ya tayar wa mai hankali da hankali, don Injiniya ko noti bai taɓa ba wani kyauta ba. Lallaɓa godiya ya yi ta yi, har da kama masa hannu da hannu biyu.

Tare suka je wurin masu yanka motoci. A ƙasan wani tarin ƙarafa aka zaƙulo abin, baƙi ƙirin, kamar katantanwa biyu an manne su baya da baya. Daga wata ƙaramar motar kaya da ta yi hatsari aka ciro shi. Lallaɓa ya sa yatsa ya juya fankar, ta juya, mai sayarwa ya ce ka gani, kamar sabo. Lallaɓa ya rungume shi a tsumma har gareji.

Kwana huɗu aikin zai ci. To wa zai kai ƙwai a kwana huɗun? Matarsa ta ce ai ga Auta, me ake da ɗan'uwa. Auta ya zo har gida ya ce Yaya kada ya damu, zai riƙe masa wurin. Lallaɓa ya san abin da hakan yake nufi, ya juya ya juya bai ga wata mafita ba. Da bakinsa ya kira Uwar-ɗaki ya ce ƙaninsa zai kawo mata kaya kwana huɗu. A kwana huɗun nan kullum kafin bakwai farar bas tana ƙofar gidan burodi.

Shi kuwa yana gareji tun safe har yamma, a zaune kan wata tsohuwar taya. Garejin yana da masu zaman banza kamar kowane gareji: direbobin da motocinsu suka mutu, mai faci, mai sayar da baƙin mai. Labari ya baza cewa ana sa wa Lallaɓa turbo, har daga wasu garejin aka riƙa zuwa kallo. Wani ya ce a haɗa masa da hular kwano. Wani ya ce kajin ma in suka ji za su daina yin ƙwai. Mai walda ya yanke bututun salansa na asali ya ƙera wani karkatacce da zai ɗauki turbo, Injiniya ya jawo tiyon baƙin mai daga gefen inji, yana yi yana leƙa waya, ya kwance ya sake ɗaurawa ya fi sau uku. Da aka gama bonet ya ƙi rufuwa, sai aka yanke masa rami da almakashin ƙarfe. Lallaɓa ya ji yankan nan a jikinsa.

Injiniya ne ya fara jan ta, Lallaɓa yana gefe, bayan mota wayam. Da farko babu abin da ya canza. Sai Injiniya ya nutsa totur, allurar gudun inji ta hau, wani siririn fito ya taso daga ƙarƙashin bonet, kawai sai motar ta zabura, bayan Lallaɓa ya manne da kujera. Suka canza wuri, Lallaɓa ya karɓi tuƙi. A kan hanyar bayan gari ya ga tankar mai a gabansa, ya fita gefe, ya taka, fiton ya zo, ya wuce ta kamar a tsaye take. Ya ji dariya tana fita daga bakinsa, dariyar da shi kansa bai san yana da irinta ba. Ashe duk shekarun nan abin yana cinsa. Ashe kowane hon da aka danna masa yana nan a ajiye a ƙirjinsa. Ya dawo gareji idonsa da ƙwalla, masu zaman banza suka yi masa tafi, bai gane tafin mene ne ba.

Abin da babu wanda ya yi tunani, ko kuma wanda ya yi bai faɗa ba, shi ne a gwada motar da kaya. Lallaɓa da ya fi kowa sanin cewa ba gudu ke fasa ƙwai ba, fizga ce da birki, shi ya kamata ya fara tunawa. Daɗi ya rufe masa ido. Injiniya ya ƙara masa da cewa idan ya shiga hawan kada ya kuskura ya ɗaga ƙafa.

Washegari ƙarfe shida da kwata ya gama shirya kiret arba'in ɗinsa ya fito daga gona. A gindin hawan ya sa giya biyu ya taka. Motar ta yi nauyi, ta yi kamar ba za ta amsa ba, ya ƙara takawa har ƙasa. Fiton ya zo, ta yi tsalle gaba, ya ji wani sauti a bayansa da ya sani sarai, sautin kwali yana gogar kwali. Ya ce wa kansa ba komai. Ya sa giya uku, ƙarfin ya ɗauke, motar ta yi baya-baya, sannan ya dawo gaba ɗaya ta sake fizga. Ya wuce babbar mota, ya wuce wata. A saman hawan akwai wurin da kwalta ta farfashe, wurin da shekara da shekaru in ya ga irinsa yake bi kamar mai tafiya a ƙasa. Yau da gudu ya iso shi, ya taka birki da duk ƙarfinsa, kayan suka taho gaba suka daki bayan kujerarsa.

Bakwai saura ashirin ya tsaya a ƙofar gidan burodi. Bai taɓa zuwa da wuri haka ba. Tun kafin ya fito ƙarnin ya gaya masa. Da ya buɗe ƙofar baya sai ga ruwan ƙwai yana bin dokin ƙofa yana ɗiga ƙasa, katifar soso ta sha ta ƙoshi. Ma'aikata suka fito da fulawa a hannu suka tsaya. Uwar-ɗaki ta zo ta leƙa, ta ɗaga kiret ɗaya, ta ɗaga na biyu, sai ta fashe da dariya har tana dafa mota. Ta sa aka kawo robobi. Duk wanda ya tsage bai zube ba a fasa mata shi a roba, ai kek bai san ƙwai ya fashe a hanya ko a hannun mai kwaɓi ba. Kowa a wannan sana'a ya san farashin fasasshen ƙwai, kashi ɗaya ne cikin uku, kuma shi ta biya, ko sisi ba ta ƙara ba.

"Ka ga yau ka zo da wuri, ga kuma rahusa," in ji ta. "Irin wannan za ka riƙa kawo min kullum, ɗan'uwa."

Ma'aikatan suka yi dariya don ta yi. Ya durƙusa yana tsame ɓawo daga cikin soso da yatsunsa, kansa a ƙasa, kunya kamar ta kashe shi.

Ragowar da ko robar ba ta karɓa ba ya kai gida. Kwana uku ana cin ƙwai safe da rana har yara suka fara ture kwano. Matarsa ta riƙa raba wa maƙwabta, kuma duk wadda ta miƙa wa sai ta ba ta labarin tun daga farko, da kwaikwayon fiton da komai. Shi kuma ta ce masa shekara ashirin yana tafiya kamar mai jinya, rana ɗaya da ya ce zai yi gudu ya fasa musu abinci, ga rufin ɗakin yara yana nan yana yoyo. Ya buɗe baki zai ce wani abu game da ƙaninta, ta tare shi da cewa kada ya sa Auta a ciki, Auta ne ya sa masa turbo?

Ya gwada duk abin da ya sani. Ya ƙara soso. Ya rage kaya zuwa talatin. Ya gwada tuƙi irin nasa na da, ba ya barin allura ta kai inda fiton yake tasowa, sai ya tarar a ƙasan wurin motar ta fi yadda take a da rauni, ga shan mai kamar ana zubarwa. Ran nan takwas da kwata ya isa, ƙwai lafiya lau, Uwar-ɗaki ko leƙowa ba ta yi ba, ta aiko a ce masa an gama kwaɓi, ta aika an sayo a kasuwa. In ya zo da wuri ƙwai a fashe, in ƙwai ya zo lafiya shi a makare. Kwanakin wata kuma suna ta tafiya.

Ya koma gareji ya ce a cire masa abin nan a mayar masa da motarsa yadda take. Injiniya bai ko ɗago daga motar da yake ciki ba, ya ce bututun asali ai an yanka, a gabansa aka yanka, sai dai ya sayo wani, kuma wannan karon aiki da kuɗinsa. Motar da yake ciki wata ja ce mai ƙyalli, bonet a buɗe, mai ita wani matashi da tabarau yana tsaye yana kaɗa makulli. A kan benci ga sabon turbo a kwalinsa, ga abin sanyaya iska, ga famfo, ga nozul, duk abubuwan da aka ce wa Lallaɓa kwalliya ce. Matashin yana tambayar ko Injiniya ya taɓa yin irin aikin nan. Injiniya ya nuna Lallaɓa da sifana.

"Ga wanda na yi wa nan, tambaye shi in ba ta tashi."

Mai faci ya matso kusa da Lallaɓa yana murmushi ya ce ai sati uku ke nan da aka kawo jar motar, Injiniya yana ta jan mai ita da cewa kaya ba su iso ba, don bai taɓa ɗaura turbo ba a rayuwarsa. Yana neman inda zai koya ne, sai ga shi Allah ya kawo. Duk garejin sun sani tun ranar farko. Lallaɓa ya kalli fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ya sha ba ƙwai kyauta idan matansu sun haihu. Babu wanda ya kau da kai. Injiniya ma cewa ya yi wallahi motar Lallaɓa ta yi masa amfani, yanzu ya san inda ake jawo tiyon mai da inda zafi yake taruwa. Lallaɓa ya shiga motarsa ya ja ta a hankali ya fita, yana jin dariyarsu har bakin titi.

Saura kwana biyu wata ya ƙare, sai dabara ta zo masa, kuma dabara ce mai kyau, ta mutumin da ya san aikinsa. Fizgar tana zuwa ne lokacin da fiton ya taso da lokacin canza giya. To idan ya shigar da ita cikin fiton a hankali tun a shimfiɗe kafin hawan, ya bar ta a giya biyu, bai canza ba, bai ɗaga ƙafa ba, bai ƙara ba, har sama? Ƙafarsa ta iya wannan. Shekara ashirin da biyu tana koyon kada ta motsa.

Ranar ƙarshe ya ɗauki arba'in cif. Ya shiga fiton kamar mai sa zare a allura, motar ta karɓa ba tare da ta zabura ba, ta kama hawan tana ihu a giya biyu. Bayansa shiru, ko kwali ɗaya bai motsa ba. Ya wuce inda lagireto ya saba tafasa. Ya dubi agogo, shida da rabi. A nan ya fara jin wani ƙara a cikin injin, kamar tsakuwa a gwangwani, allurar zafi kuma ta tafi ta kwanta a kan ja. Ya gani, ba wai bai gani ba. Ya san mota tana roƙonsa ya ɗaga ƙafa, kuma a duk rayuwarsa bai taɓa ƙin saurarenta ba. Amma ga saman hawan can yana hangowa, bai fi jifa biyu ba. Ya riƙe ƙafarsa inda take. Sai wani ƙara ɗaya mai nauyi, farin hayaƙi ya turnuƙe ta ramin bonet, motar ta mutu a hannunsa. Ya lallaɓa ta gefe da sauran gudunta, ya ja birkin hannu a hankali, ya fito ya sa dutse a bayan taya.

Ya buɗe baya ya duba kiret bayan kiret. Ko ɗaya bai fashe ba. Ya zauna a kan ƙarfen gefen hanya, baƙin mai yana bin kwalta yana gangarawa ta gaban takalminsa.

Ba a yi minti goma ba farar bas ta hawo ta tsaya a gabansa. Auta ya fito yana salati, ya zagaya motar, ya leƙa ramin bonet, ya ce ashe kunkurun Yaya har hayaƙi ya iya. Ya ce bari ya taimaka kada kaya su makara. Lallaɓa da kansa ya kwashe kiret arba'in ɗin ya shirya su a cikin bas ɗin, da kwalinsa da tsummansa da igiyarsa, don ya ga yadda Auta ya jibga nasa ya kasa jurewa. Auta ya ce ya zauna ya tsare motar kada a sace batir. Bakwai saura biyar kayan suka isa gidan burodi. Da rana Uwar-ɗaki ta aiko masa da saƙo a waya, layi biyu, tana yi masa jaje, tana gode masa da zaman tare.

Injin ya tafi gaba ɗaya, fistan biyu sun narke. Injiniya ya ce don ya rage masa asara zai karɓi turbo ɗin a farashin ƙarfe, kuma ya karɓa. Aka jawo motar aka ajiye a ƙofar gida, tayoyinta suka sace ɗaya bayan ɗaya. Masu shaguna da masu shayi suka jira shi sati ɗaya, suka koma wurin Auta, don ba za su rufe sana'a saboda shi ba.

Sati uku yana zaune a gida, sai matarsa ta ce masa ta samo masa aiki, ta ma riga ta amsa. Auta yana asarar kiret biyu, uku kullum a hanya, yana neman wanda ya iya shiri. Kujerar gaba ta cika da kaya, don haka a baya zai riƙa zama. Ya ce ba zai yi ba. Ta ce to ya faɗa wa yaran da bakinsa abin da za su ci. Da safe ya sa hularsa ya fita ya tsaya a bakin titi har bas ɗin ta zo.

Auta tuƙin ganganci yake yi, ba ya ganin rami sai ya faɗa. A kan hawan Lallaɓa yana durƙushe a tsakanin kaya, ya ware hannuwa ya rungume jerin kiret biyu, ya tokare na uku da kafaɗa. Ya tsani mai motar, ya tsani motar, a ransa yana so a ce komai ya tarwatse. Amma da suka iso wurin da kwalta ta farfashe sai ya ji jikinsa ya karɓi girgizar da kansa, gwiwoyinsa suna lanƙwasawa, ƙirjinsa yana tare kayan. Ya kasa sakin hannu. Ya yi ƙoƙari, wallahi ya yi, hannun ya ƙi.

A gidan burodi Uwar-ɗaki ta fito da kanta ta duba kaya. Ta ɗaga kiret, ta ɗaga wani, ta sa aka sauke har na ƙasa. Babu ko tsagu. Ta dafa kafaɗar Auta.

"Kai kam ka iya tuƙi, ba kamar wasu ba. Kaya haka ko ɗaya bai fashe ba?"

Auta ya sosa ƙeya ya ce ai sai a hankali, ƙwai ba ya son gaggawa. Lallaɓa yana tsaye a bayansu da kiret biyar a hannu, ya jira ko ɗayansu zai waiwayo. Wani ma'aikaci ya ce masa malam a ba da hanya, a ajiye can ciki kusa da buhunan fulawa. Ya kai ya ajiye, ya koma ya ɗauko sauran.